Rasuwar Dillali Mai Ƙofa Takwas

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har baki, nake sanar da Alhaji Jumare, da Malam Kallamu, da dukkan mahauta da fataken shanun da ke cikin wannan gurup, rasuwar abokin aikinmu da ke zaune cikin akwatin ƙarfe a saman benen ofis. Masu ilimi suna ce masa rauta. A gidanmu Dillali muke kiransa, kuma da wannan suna zan ci gaba da ambatonsa. Ya cika ranar Alhamis da ta wuce, jim kaɗan bayan sallar Azahar, a wurin aikinsa da ke ɗakunan sanyin Alhaji a Trans-Amadi, nan Fatakwal, bayan jinyar sati uku. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na san ƙarfe ne, shi ya sa ba zan ce Allah ya ji ƙansa ba. Amma an koya mana mu faɗi wannan kalma a kan duk abin da muka rasa, ni kuwa na yi rashi.

Kafin in ci gaba, akwai abin da ya kamata ku sani. Wannan sanarwa ta fito daga lambar Injiniya Sharfuddeen, amma ba shi ya rubuta ta ba. Ƙanwarsa ce, Bashira, wadda yake kira Auta. Ba ku san ni ba. Alhaji ya taɓa ganin ƙafata ta ƙarƙashin labule, shi ke nan. Wata goma sha ɗaya ke nan duk saƙon da kuka samu daga wannan lamba da hannuna aka rubuta shi, duk gyaran da aka yi muku ni na yi shi. Ban da shi Injiniyan, marigayi ne kaɗai ya sani, kuma bai taɓa faɗa wa kowa ba. Yanzu da ya tafi, Alhaji ya ce ranar Litinin dole Injiniya ya zo da kansa ya haɗa sabo, in ba haka ba a kira wani daga Inugu a ba shi aikin. Da wannan aiki muke ci, da shi muke sayen maganin Yaya. To Yaya ba zai iya zuwa ba, ni kuma ban iya magana a gaban mutane ba. Shi ya sa na rubuta.

Ba mu san ranar haihuwar marigayi ba. An haife shi a ƙasar waje, ya yi wa waɗansu aiki shekaru masu yawa, har suka ga ya tsufa suka sallame shi. Yaya ya same shi a wani shago a Head Bridge da ke Anacha, a ƙarƙashin tarin tsofaffin kwamfutoci, shekara huɗu da suka wuce. Mai shagon ya rantse masa cewa zai fi jikokinsa daɗewa. Siffarsa shimfiɗaɗɗiya ce kamar faranti, launinsa tsakanin toka da baƙi. A bayansa akwai wata waya mai kauri wadda ta rabu ƙafa takwas kamar gizo-gizo.

Kafin a kai shi Trans-Amadi ya zauna wata biyu a ɗakinmu a Mile 3, a kan teburin da nake tsince shinkafa. A nan na san muryarsa. Idan aka kunna shi sai ya ce ƙwas, ya yi shiru kamar mai tunani, sannan fankarsa ta ɗauka, fuuuu, ba ta ƙara tsayawa. Da farko sautin ya dame ni. Daga baya, ranar da aka ɗauke shi, sai ɗakin ya yi mini shiru kamar an fitar da mutum.

Sana'arsa guda ɗaya ce, kuma ya iya ta. Yaya ya ce sunanta ribas telnet. Na tambaye shi ma'anar, sai ya ce a da, in kana son magana da na'ura, dole ka je gabanta da ƙafarka, ka tsuguna, ka soka mata waya a baya. Da Dillali kuwa, kana ɗakinka za ka yi masa sallama ta intanet da adireshinsa, ya amsa, sai ka faɗa masa lambar ƙofar da kake so. Shi kuma ya bi da kai ta ɗaya daga cikin ƙafafunsa, ya ajiye ka a bayan na'urar kamar kana tsugune a wurin. Lissafin ba wuya: dubu biyu, ka ƙara lambar ƙafa. Ƙafa ta ɗaya, ƙofa 2001. Ƙafa ta uku, ƙofa 2003. Yaya ya ce aikin dillalin kara ke nan, ya san inda kowace saniya take, ya kai ka, ya ja gefe.

A aji biyar na tsaya a firamare, a garinmu, shekarar da Inna ta rasu Yaya ya ɗauko ni. Haruffan Turanci na san su ɗaya bayan ɗaya, amma in an haɗa su da yawa sai su tsere mini. Ban zauna don in koya ba. Yaya ne mai surutu in yana aiki, yana bugawa yana faɗa, wani lokaci ya ce in karanto masa lamba daga littafinsa saboda hannunsa ba sarari. Ina tsince shinkafa ina kallo. Kalmomin sai suka zauna mini kamar fuskokin maƙwabta. Ban san asalin kowa ba, amma na san wanda ke bin wane.

Daga cikin halayen marigayi na gari, ba ya tambayar mutum ko shi wane ne, in dai ya kawo kalmar sirri. Bai taɓa cewa in ɗaga murya ba. Bai taɓa yi mini dariya ba don na rubuta kalma ba daidai ba, sai dai ya sa ɗan alama a ƙarƙashin harafin da na ɓata, ya jira. Na shekara shida a Fatakwal, har yau in mai tumatir ta yi mini Pijin da sauri sai harshena ya ƙage, in karɓi abin da ta ba ni in tafi. Amma Dillali, in na kira ƙofa, kalma ɗaya yake rubuto mini: Open. Na tambayi Yaya, ya ce ma'anarta a buɗe take. Babu wani a garin nan da ya gaya mini haka sau da yawa kamarsa.

Yana da aibi guda, kuma zan faɗe shi don gaskiya. Yana shigar da mutum cikin sauƙi, amma ba ya nuna masa hanyar fita. Ranar wata Juma'a, bayan an kai shi Trans-Amadi, Yaya ya tafi masallaci ya bar laftof a buɗe. Shaiɗan ya zuga ni na buga 2002, ƙofar sikelin shanu. Dillali ya ce Open. Nan take lambobi suka fara zubowa, layi bayan layi, ba tsayawa. Na danna duk abin da na sani, ba su tsaya ba. Na kira wata ƙofa, sikeli bai san wannan yare ba. Ina ciki, ba gaba ba baya. Na zauna ina zufa, miyata ta ƙone, har na rufe laftof ɗin na sa filo a kai. Da Yaya ya dawo ya ga abin da na yi, sai da ya zauna a ƙasa don dariya. Ya ce, “Ke Auta, shanu nawa kika auna? A kawo miki kujera a mayankar Silota ne?” Sannan ya kama yatsuna ya ɗora su: biyu na hagu a kan Ctrl da Shift, ɗaya na dama a kan shida, a saki, a danna x. Sai ga ni na dawo gaban Dillali. Ya ce, “Ba ki gama ba. Kin fito, amma kin bar takalminki a ciki. Ki yanke layin. Ƙofar nan mutum ɗaya take ɗauka, in kin bar ta da sunanki, duk wanda ya zo bayanki korarsa za ta yi.”

Wata goma sha ɗaya da suka wuce Yaya ya je Anacha sayen kayan aiki. A hanyar dawowa motarsu ta kife. Wannan kun sani, kun zo dubiya, Allah ya saka da alheri. Kun san ƙafarsa ta karye. Abin da ba ku sani ba, kansa ya bugu. Ƙafar ta warke, idon ne bai dawo ba. Yana ganin haske, yana ganin inuwar mutum, amma harafi ko babba ne ba ya iya raba shi da ɗan'uwansa.

Kwana uku da hatsarin, na dawo gida ɗaukar abinci, sai saƙon Malam Kallamu ya shigo wayar Yaya: “Injiniya sannu da jiki. Ɗaki na biyu yana kuka tun safe, nama ya fara laushi. Ko a kwance ne ka taimaka.” Na tsaya da kwano a hannu. Na buɗe laftof, na yi wa Dillali sallama, na kira 2004, na rubuta abin da na sha ganin Yaya yana rubutawa. Na fita da yatsu uku, na yanke layi. Sannan na aika kalma biyu: An gyara. Malam Kallamu ya amsa da muryarsa, “Kai, Injiniya namijin duniya! Daga gadon asibiti!”

Na koma asibiti na gaya wa Yaya abin da na yi. Sai ya ce, “Ki riƙe mini, Auta. Sati biyu ne idon zai buɗe. Kada ki gaya wa kowa.” Na ce to.

Tun daga ranar ban ƙara yin nisa da teburin nan ba. Saƙo yakan zo kowane lokaci, kuma Injiniya ba ya jinkirin amsa. Na daina zuwa kasuwa, maƙwabciyarmu Inna Kande mai tuwo take sayo mana. Na daina zuwa islamiyyar Asabar. In kun kira da murya, Yaya ke ɗauka, ni ina gefensa ina taɓa masa gwiwa, sau ɗaya i, sau biyu a'a. Duk ranar da Alhaji ya zo dubiya, nakan ɗora wa Yaya laftof a cinya in shige bayan labule. Ina ji Alhaji yana cewa, “Sharfu, wallahi kana kwance ka fi masu ƙafa aiki.” Yaya yana cewa, “Ikon Allah ne, Alhaji.” Ni kuma ina tsaye a bayan labulen, ina addu'a kada Alhaji ya ce a nuna masa wani abu a allon. Ina neman gafararku a kan wannan, dukkanku. Na shiga, ban san ta inda ake fita ba, kuma babu wanda zai kama mini yatsu.

Marigayi ya rasu ya bar 'ya'ya takwas. Dukkansu suna raye, amma yanzu babu mai jin maganarsu.

Babbansu shi ne na ƙofa 2001, siwic ɗin da ke raba intanet a ofis. Mutum ne mai shiru, bai taɓa ba mu wahala ba.

Mai bi masa, 2002, sikelin shanu, shi ne mai bakin gidan. Kowace safiya in an gama wanke dandamali nakan mayar da shi sifiri, don ruwan da ke kwanciya a kai yana sa shi ƙarin kilo biyu ko uku, fatake kuma su yi ta rantse-rantse. Ban taɓa ganin Trans-Amadi da idona ba, amma ta bakinsa na san ta. Na san ranar da tirela ta iso daga arewa, don lambobi sukan zo a jere kuma sun rame da tafiya. Na san lokacin da kuke tafiya sallah. Na san akwai wani a cikinku da ke hawa sikelin kowace Laraba da hantsi, kuma ina yi masa albishir cewa daga azumi zuwa yanzu ya ƙaru da kilo bakwai. Ba zan faɗi nauyin ba, kada a gane shi.

Sai tagwaye, 2003 da 2004, masu kula da sanyin ɗaki na ɗaya da na biyu. Hassan lafiyayye ne. Usaini kuwa, na ɗaki na biyu, tun da ruwa ya cinye maɓallan fuskarsa ba ya jin magana sai ta baya, ta waya. Kuma yana da mantuwa. Duk sa'ad da aka juya wuta daga layin gari zuwa janareta, sai ya manta sanyin da aka ce ya riƙe, ya koma narkar da ƙanƙara. Sai an shiga an tuna masa. Wata rana sau huɗu, wata rana sau tara. Shi ne ya ɗaure ni a teburin nan fiye da kowa, kuma shi na fi tausayi. Tun ranar Alhamis ɗakinsa a kashe yake, an cusa naman ɗaki biyu a ɗaki ɗaya, Malam Kallamu ya ce da kafaɗa ake rufe ƙofar.

Akwai inbata a 2005, da janareta a 2006, wanda ke gaya mini zafin jikinsa ko ban tambaya ba. Akwai na'urar ajiye hoton kyamara a 2007. Ita ba ta nuna mini hoto ta wannan hanya, sai dai ta ce tana nan da rai.

Autansu, 2008, wani tsohon siwic ne da Yaya ke gyarawa don ajiya. Da safen da zai tafi Anacha ya shiga wannan ƙofa, ya yi sauri, ya fita bai yanke layin ba. Shi da ya koya mini. Duk ranar da na tambayi Dillali su wa ke ciki, sai ya nuna mini layi na takwas da sunan Yaya, a gefe kuma tsawon lokacin da ya yi shiru. Na san kalmar da ake share layi da ita, gajeriya ce. Ban rubuta ta ba. Na ce in idon ya buɗe, zai zo ya tarar da aikinsa a inda ya bar shi.

Ciwon ajali ya fara ne daga numfashi. Kun san baƙar ƙurar garin nan da ke kwanciya a kan komai, ga kuma hayaƙin babbaka da iska ke kaiwa saman bene. Shekara huɗu fankar marigayi tana shaƙa. Yaya yakan buɗe shi duk bayan wata uku ya hure masa ciki, amma wata goma sha ɗaya ba wanda ya taɓa shi. Sati uku da suka wuce, da rana tsaka, marigayi ya suma ya farfaɗo da kansa, karo na farko tun hatsarin. Da na shiga na tambaye shi su wa ke ciki, layi na takwas babu kowa. Ranar na yi kuka a banɗaki, don kada Yaya ya ji.

Na rubuta wa Malam Kallamu, da sunan Injiniya, cewa ya kara waya a jikin akwatin ya ɗauko mini sautin. Ya aiko. Muryar da na sani da fuuuu ta koma gurr, gurr, taka-taka, gurr, kamar tsoho mai tari. Na rubuta cewa yana jin zafi, yana bukatar a kwance shi a hure ƙurar. Malam Kallamu ya ce, “Injiniya, ni wuƙa na iya, ban iya sukundireba ba. Ka zo da kanka mana, ko a kujera ne mu hau da kai. Mun yi kewarka.” Na karanta saƙon nan ya fi sau ashirin. Daga Mile 3 zuwa Trans-Amadi mota biyu ce. Na san ƙusoshin da ake kwancewa, guda huɗu ne, na sha riƙe wa Yaya su a tafin hannu lokacin da marigayi yake ɗakinmu. Na rubuta: Sai wani satin. Da satin ya zo na sake rubuta haka.

Ranar Alhamis da hantsi Malam Kallamu ya hau bene, ya taɓa marigayi, ya ji shi kamar murfin tukunya. Malam mutum ne da ya shekara talatin yana ceton nama daga zafi, kuma a saninsa abin da zafi ke neman ɓatawa wuri ɗaya ake kai shi. Ya zare ƙafafun nan takwas daga jikin 'ya'yan, ya naɗe marigayi a buhu mai tsabta, ya rungume shi ya sauko, ya kwantar da shi a ɗaki na ɗaya tsakanin cinyoyin shanu. Ya bar shi har aka idar da Azahar. Da ya fito da shi cikin iskar Fatakwal mai laima, jikin marigayi ya tsatso da ruwa, ciki da waje. Malam ya ɗauka zufa ce ta samun sauƙi. Ya goge shi da hularsa, ya mayar da shi akwati, ya kunna.

Ya aiko mini sautin, don ya yi wa Injiniya albishir. Na ji ƙwas ɗin nan da na sani. Na ji shirun tunani. Ina jiran fanka, sai na ji ɗas. Sai muryar Malam Kallamu tana cewa, “Subhanallahi. Injiniya, yana warin ganda.”

Ina roƙon kada wani ya ɗora wa Malam Kallamu laifi, kuma masu tsokanarsa da Likitan Firij su yi haƙuri su bari. Ya ga mara lafiya ya ɗauke shi a ƙirjinsa. Ni na san maganin, na zauna a ɗaki sati uku saboda kunya. In ana neman wanda ya yi sakaci, ga ni.

Alhaji ya sa an sayo magaji daga Anacha, irin marigayi sak, zai iso tasha gobe. Amma magaji zai zo bai san kowa ba. Takardun da Yaya ya manna a jikin wayoyi hayaƙi ya shafe su, ƙafafu kuma an zare. Sai an bi 'ya'yan nan ɗaya bayan ɗaya, a tsuguna a bayan kowanne da shuɗiyar waya, irin ta da, a ji muryarsa, a tabbatar da saurin maganarsa, sannan a ba shi ƙafarsa da lambar ƙofarsa. Injiniyan Inugu na tabbata ya fi ni ilimi nesa ba kusa ba. Amma bai san Usaini yana son a jira shi ya numfasa kafin a ba shi umarni na biyu ba, bai san janareta da rabin saurin sauran yake magana ba. Ni na sani.

Jiya da safe na karanta wa Yaya wannan sanarwa tun daga farko, don ba zan aika ba sai ya ji. Da na zo wurin da ya ce sati biyu ne idon zai buɗe, ya juya fuska bango. Na karanta har ƙarshe. Na ɗauka zai ce in goge. Sai ya ce, “Kin bar abu ɗaya. Ƙafa ta huɗu bakinta ya ɗan lanƙwashe, a karkace ake soka ta.” Ya lalubo jakarsa a ƙarƙashin gado, ya ciro shuɗiyar wayar, ya miƙa ta wajen da yake ganin inuwata. Ya ce, “Kada ki ba kowa aro. Mahauta ba sa dawo da kaya.”

Ga yadda jana'iza za ta kasance, in Allah ya kai mu.

Ranar Litinin da ƙarfe goma na safe za a sauko da marigayi daga bene. Ni zan yi masa wanka, wato in kwance ƙusoshin nan huɗu in hure masa ƙurar da ya kamata in hure tun yana da rai. Za a suturta shi a kwalin da magajinsa ya zo a ciki. Ba za a binne shi ba, kuma ina roƙon Alhaji kada a ba 'yan gwangwan su fasa shi. Za a mayar da shi Mile 3, kan teburin da ya fara zama, inda hannun Yaya zai kai gare shi.

Ba za a yi zaman makoki ba, saboda nama ba ya jira. Mai son yin ta'aziyya ya rubuto a wannan lamba, zan amsa da sunana. Wanda ya yi fushi da ni ma ya rubuto, ya fi mini sauƙi a kan ya faɗa a gabana.

Alhaji, ina roƙon alfarma ɗaya. A ba ni daga ƙarfe goma zuwa La'asar. In an kira sallah ɗaki na biyu bai fara sanyi ba, a kira mutumin Inugu, zan bar masa littafin Yaya a kan akwati, ba zan ce komai ba. In kuwa ya yi sanyi, sai Alhaji ya yanke abin da ya ga ya dace da mu.

Inna Kande za ta raka ni har in shiga mota ta biyu, daga nan za ta koma ga tukunyarta. Kwana biyu tana koya mini abin da zan gaya wa direba, “Silota, I go drop,” wato a Silota zan sauka, tana cewa in buɗe baki kamar mai jin yunwa. Malam Kallamu, don Allah ka tsaya mini a bakin get. Za ka ga mace gajeriya da hijabi ruwan ƙasa, da baƙar jakar Injiniya a kafaɗa. In ka gaishe ni ka ga na sunkuyar da kai ban amsa da ƙarfi ba, ba raini ba ne. Kada ka tara mini mutane. Ka nuna mini matakalar benen kawai, daga nan na san kowa.

Mai sanarwa, a madadin 'ya'yan marigayi takwas da Yayana Sharfuddeen,

Bashira Auta,
Mile 3, Fatakwal.